Kwalin da Na Ɗaure da Igiyata

Ƙarfe shida da minti ashirin na safiyar Talata, a tsakar gidanmu da ke Garwa, Inna ta aika a kira ni. Mu uku ne a wurin: ita, da ni, da Hauwa matar ƙanena Sabi'u, wadda ke hura wuta ta ba mu baya. Inna ba ta tsawaita ba. Ta ce wata goma sha ɗaya ke nan Sabi'u bai tako gidan nan ba, ta gaji da jin muryarsa a waya, ƙafarta kuma ba ta kai ta ko'ina yanzu. In tashi in je Tuboro in zo mata da shi. Na ce to.

Tun da na dawo abokan sana'a a mayanka da rumfar nama suke tambayata yadda tafiyar ta kasance. Wanda ya tambaya sai in ce lafiya lau, hanya ce dai ba kyau. Wannan rabin gaskiya ne. Yanzu zan faɗi sauran, zango bayan zango. Sunana Salisu, mahauci ne ni ɗan mahauci, karatuna bai wuce allo da firamare ba, saboda haka kada a nemi ado a maganata.

Sai na fara da Sabi'u, don wanda bai san shi ba. Shekara goma sha huɗu na ba shi. Korar shanu yake yi wa dillalai daga kasuwannin kudu zuwa Garwa, tafiyar kwanaki a ƙafa. A wannan hanya ya koyi shan tramol, ƙwayar da masu kora ke haɗiya don kada su ji ƙafafunsu. Daga sha ya koma ɗauka. Ya bar shanu ya sayi babur, labari ya iso mana cewa shi ke kai ƙwayar bakin iyaka. Ranar da na ji, na tsaya a rumfa gaban mutane na ce hannun da ya taɓa wannan kaya ba zai ƙara taɓa wuƙata ba. An kai masa maganar yadda na faɗe ta. Tun daga nan bai dawo ba.

Laraba da safe ina tasha, na riga na sayi tikiti, sai ga wani Alhaji maƙwabcinmu, wanda muka shekara da shekaru muna sahu ɗaya a masallaci. Ba zan faɗi sunansa ba. Ya zo da kwali ɗaure da robar taya, ya ce dabino ne, in taimaka in kai wa ɗan ƙanwarsa mai kanti kusa da tashar Tuboro.

Kowa ya san ƙa'idar saƙo a wurinmu. Ba a ƙin karɓa, ba a tambayar fiye da abin da aka faɗa maka, ba a buɗewa. Wanda ya buɗe saƙo ya zargi mai shi, ya kuma zubar da amanar kansa. Mahaifinmu ya taɓa kai wa wani ƙunshi har Marwa, bai sami mai shi ba, ya dawo da shi bayan wata biyu ƙullin na nan yadda aka yi shi. Da wannan labari aka rene mu.

Amma ga abin da ban gaya wa kowa ba. Shekara talatin ina auna nama. In ka ɗora mini tsoka a tafi zan faɗa maka nauyinta kafin sikeli ya tsaya. Da na ɗaga kwalin nan, hannuna ya gaya mini wannan ba nauyin dabino ba ne. Dabinon da zai cika irin wannan kwali sai ya ja kafaɗa. Wannan bai kai rabi ba, kuma in ya motsa yana wani ƙaras-ƙaras. Na ji, na yi shiru, na miƙa wa direba ya ɗora a saman mota.

Zango na farko, daga gadar Binuwai zuwa Ngong, shinge uku muka wuce. A kowanne sai an sauke samari, an zazzage jakunkunansu a ƙasa, har takalmi ake cire musu. A na biyu wani mai kaki ya hau saman mota ya buga kwalin da sanda ya tambayi mai shi. Na ce nawa ne, saƙo ne. Ya dubi gemuna, ya dubi carbina, ya ce in zauna abina, Baba. Matar da ke kusa da ni, Madam Marta, 'yar kasuwar wake, ba musulma ba ce amma Fulatancinta ya fi nawa, ta yi dariya ta ce, "Baba Malam, gemun nan naka ya fi katin shaida aiki. Ka ara mini shi ranar kasuwa." A raina na ji daɗi.

A Ngong muka tsaya karyawa. Na ga da idona mai shayi ya ɓare ƙwaya biyu ya zuba garin a kofin direbanmu kamar mai zuba sukari, ba ɓoyo ba kunya. Na tashi na yi wa direban faɗa sosai, na ce rayuka goma sha takwas ke bayansa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce mai mota yana son ya je ya dawo cikin kwana biyu a hanyar da ke cin kwana uku, in na sami mai motar in maimaita masa. Ya shanye shayinsa. Muka kama hanya har mararrabar Gidjiba.

A nan muka bar kwalta, zango na biyu ke nan. Wajen azahar motar ta kafe a yashin wani busasshen rafi. Duka muka sauka turi, har Madam Marta, wadda ta ɗaure zani ta fi maza biyu ƙarfi. Da motar ta fizga, kayan sama suka zame, kwalin ya faɗo, robar ta tsinke, murfin ya ɗaga. Ni kuwa ba na tafiya ba tare da igiyata ba, jar igiyar da muke ɗaure ƙafar sa. Na kawar da fuskata gefe, na danne murfin da gwiwa, na ɗaure shi da ƙullin da mahaifinmu ya koya mana, wanda ake ninka bakin igiya sau biyu a mayar ciki, in an ja ya ƙara tamkewa. Madam Marta ta ce ba zan duba ko dabinon ya zube ba? Na ce mata amana ba a leƙa ta.

Gaba da Collire aka tsayar da mu a wani ƙauye tun la'asar da sauranta. An ce ba a bin dajin gaba sai da safe, tare da rakiyar sojoji, saboda zargina, wato 'yan fashin da ke tare hanya suna ɗauke mutane. Jauron ƙauyen, wato dagacinsu, ya sauke maza a zaurensa, mata suka shiga cikin gida. Aka kawo tuwon masara da miyar yakuwa da gyaɗa, mai tsami fiye da tamu. Abin da ya ba ni mamaki, mai gida ya ajiye abincin ya fita. Su a wurinsu kunya ce a ga baƙo yana ci. Mu a Garwa in ba ka sa hannu a tire ɗaya da baƙonka ba sai ya ɗauka kana ƙyamarsa.

Bayan mun ci ya dawo muka zauna kafin magariba. Dattijo ne mai magana a hankali. Ya ce kasuwar shanunsu da can sai ka gaji da tafiya ba ka kai ƙarshenta ba, yanzu kafin rana ta take ta watse. Makiyaya sun sayar da garke sun fanshi 'ya'yansu daga hannun masu daji, waɗanda suka rage sun yi ƙaura. Ya ce masu dajin ba baƙi ba ne duka, akwai waɗanda ya san iyayensu, kuma ba sa shiga ruga sai sun haɗiyi ƙwaya, don wanda ya sha ba ya jin kukan kowa. Na tambaye shi me ya hana a kama masu sayarwa. Ya ce ya taɓa miƙa biyu da hannunsa, kafin mako ya zagayo suka dawo suka gaishe shi a bakin masallaci. Wanda ke turo musu kaya hannunsa ya fi na jauro tsawo. Masu karɓar haraji dai ba su taɓa fasa zuwa ba. Na ce masa laifin iyaye ne da ba sa tsawatarwa. Ina faɗin haka kwalin na jingine a bayana, don na sauke shi kada raɓa ta taɓa shi.

Da safe, muna jiran sojoji, wani manomi ya wuce da shanu biyu suna jan amalanken auduga. Kallo ɗaya na yi musu na tsayar da shi. Idanunsu a tsaye, kumfa a baki, ƙuda na kan hanci ba sa kaɗa kai. Na ce me ya ba su. Ya yi murmushi ya ce 'yar ƙwaya ce yake jiƙa musu a ruwa, in ba haka ba audugar ba za ta kai wurin awo ba kafin babbar mota ta tashi. Na gaya masa na sha buɗe cikin irin waɗannan a mayanka, na san yadda hantarsu take, ko kyauta ya ba ni ba zan yanka wa mutane ba. Ya ce ai bai ce zai sayar ba, ya kaɗa su ya wuce.

Zango na uku Tuboro, Alhamis ƙarfe biyu. Kafin in nemi masauki na nemi kantin. Sabulu ne da taliya da batir a kan kanta, mai shi saurayi ne da waya biyu a hannu. Ya karɓi kwalin bai buɗe ba, ya tura ƙarƙashin tebur, ya ba ni lemo mai sanyi ya yi mini addu'a. Na sa shi ya kira Alhaji a gabana ya shaida masa amana ta iso. Na fita ina jin na sauke nauyi.

Na sauka wurin Baba Hayatu, tsohon mahauci, abokin mahaifinmu. Ya zagaya da ni gari yana nuna mini gidaje sabbi masu tayil da dogon bango, ya ce masu su ba sa noma, ba sa kiwo, ba su da rumfa a kasuwa. Su suka sa fili ya fi ƙarfin mai sana'a. Ya ce mutum biyu ya koya wa fiɗa, duka sun ajiye wuƙa sun hau babur, don tafiya ɗaya zuwa iyaka ta fi musu wata guda a mayanka. Yanzu da tsufansa ya rasa mai riƙe masa ƙafar sa. Shi ya gaya mini in ina neman Sabi'u in je Mbaibum gobe, ran Juma'a ba ya fashi.

Mbaibum kasuwa ce a bakin iyakar Afirka ta Tsakiya, Cadi ma ba nisa. A layi ɗaya sai ka ji Fulatanci da Faransanci da Larabcin Cadi da Sango, yaren mutanen hayi. Gaisuwarsu in sun sha hannu sai su ɗasa yatsa ya yi ƙara, na gwada sau biyu na kasa, aka yi mini dariya. Mata ne ke sayar da nama a can, ƙyafaffe baƙi ƙirin, kashi-kashi a kan leda, ba sikeli. A Garwa mace ba ta tsayawa bayan teburin nama. Tun da ban san wanda ya yanka ba, na ci tuwon rogo da busasshen kifi. Tuwon fari ne mai danƙo, ya riƙe mini ciki har washegari. A bakin gadar da ke kan iyaka akwai ofis da tuta da mai duba takardu, ana bin layi. Ƙasa da gadar kuma akwai 'yar hanya ta cikin ruwa, mutane na ƙetarawa da kaya a ka, kuma daga tagar ofishin ana hango su sarai.

Bayan sallar Juma'a na same shi ƙarƙashin mangwaro inda masu babur ke tsayawa. Ya rame, leɓensa ya bushe. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi Inna. A hanya na shirya masa magana biyar, na jera su a kaina. Na ce na farko ya zubar da sunan gidanmu. Na ce na biyu ya bar matarsa a hannun tsohuwa. Ina shirin na uku idona ya sauka a bayan babur ɗinsa.

Kwalin ne, da jar igiyata.

Sabi'u ya bi idona da kallo. Ya ce, "Yaya, ka gane ƙullin? Ni tun a kanti na gane shi. Na ce babanmu ya rasu, saura mutum biyu masu wannan ƙulli, ni kuwa ban yi shi ba."

Ya sa yatsa ya kwance shi yadda ake kwancewa, ya ɗaga murfin. Dabino na nan a sama, shimfiɗa ɗaya. Ƙarƙashinsa katin ƙwaya ne jere har ƙasa. Na zauna a kan saiwar mangwaron.

Bai yi mini dariya ba, wannan zan shaide shi. Ya ce ba ni kaɗai ba ne. Masu kayan sun fi son dattijo mai carbi da tsohuwa mai zuwa biki, don su masu babur tare su ake yi, mu kuwa gaishe mu ake yi. Na ce ya kawo ashana in ƙone shi a nan. Ya ce in na ƙone, masu kayan sun san kantin, sun san Alhaji, sun san ƙofar da Inna ke zama da hantsi. Na bar maganar ashana. Ya ɗaure kwalin da roba, ya naɗe igiyata ya miƙo mini. Ina zaune wani ya zo ya ɗauka a ka, ya bi hanyar ƙasan gada, na bi shi da ido har ya hau tudun hayi.

Sauran maganganu uku ban faɗe su ba. Na ce masa kawai, "Inna ta ce in zo da kai."

Ya ce, "Yaya, ka tsaya a rumfa ka faɗi nawa gaban mutane. In na koma, ni za a riƙa nunawa da baki, kai a shimfiɗa maka tabarma. Ka faɗi naka a inda ka faɗi nawa, zan bi ka."

Na ce ya ba ni zuwa la'asar. Na je na yi salla, na zauna a masallaci ina juya igiyar a hannuna. Na nemi hanyar da zan ce ban sani ba, ban samu ba, don hannuna ya sani tun a tasha. Na dawo na ce masa na yarda. Ya bar wa masu kayan babur ɗin don su sake shi lafiya, ya ɗauko jaka ɗaya.

Dawowa ta ci mana kwana uku. Bai sha komai ba, jikinsa ya nemi abin da ya saba. Zufa, rawar jiki, amai, sau huɗu ina roƙon direba ya tsaya. Fasinjoji suka ɗauka zazzaɓi ne, wata mata ta ba shi tsamiya ya tsotsa. A shingen kusa da Ngong mai kakin nan ya gane ni, ya ɗaga mini hannu in zauna. Na sauka na ajiye masa jakata na ce ya buɗe. Ya yi dariya ya ɗauka wasa nake. Na ce ba inda zan je sai ya buɗe. Ya buɗe ya tarar da riga biyu da buta da jar igiya, ya dube ni kamar mai taɓin kai.

Litinin ƙarfe huɗu da rabi muka shiga gida. Inna ta kama wuyan hannunsa ta zagaye shi da yatsu biyu, ta ce Hauwa ta ɗora kunu. Ni kuma ta ce mini Allah ya yi albarka. Washegari na je wurin Alhaji. Ya rantse shi ma wani ɗan kasuwa ne ya ba shi, shi ma bai buɗe ba, ai saƙo ne. Ban san ko gaskiya ya faɗa ba. Muna sahu ɗaya har yau, gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Yau mako bakwai da dawowarmu. Sabi'u na rumfa, yana kan sikeli, don hannunsa bai gama daina rawa ba. Wuƙata na gefensa, ranar da ya ga zai iya ya ɗauka. Sau biyu na miƙe a rumfa zan cika alkawari, harshena ya ƙi, na koma na zauna. Bai tuna mini ba ko sau ɗaya. Amma shekaranjiya Hauwa ta tare ni a zaure ta ce jakarsa na nan bayan ƙofa, bai kwance ta ba har yau. Shi ya sa na sayi takarda.

Laifina uku ne. Hannuna ya gaya mini gaskiya a tasha na ƙi saurara, don na fi son a ce Salisu mai amana ne. Na yi wa direba faɗa, na yi wa manomi, na yi wa iyayen mutane, kayan na bisa kaina. Na kuma zauna ina kallo ya ƙetare ruwa, ban san cikin wa ya shiga ba, ban san ƙofar wa aka fasa da ƙarfinsa ba.

Ga roƙona gare ka mai karatu. Daga yau in ka kawo mini saƙo zan buɗe shi a gabanka, kada ka ji haushi, kai ma in an ba ka ka buɗe, ko da ni ne na ba ka. Kuma ranar Asabar bayan azahar ka zo rumfar nama da wannan takarda, ka tsaya daidai inda na tsaya na faɗi na Sabi'u, ka karanta ta da ƙarfi tun daga farko, kada ka tsallake komai. Zan kasance a wurin, shi ma zai kasance. In ka gama, ka je bayan sikeli ka miƙa masa hannu.